Ƙarfe a Ƙafar Hagu

Zuwa ga Mintu uwar Bibata, farin badon da ya fito a mashayarmu, inuwar goribata, sanyin randar da ban taɓa buɗewa na tarar da ita a bushe ba, gaurakar da ta sauka a gonata ta ƙi tashi! Gaisuwa daga Tondi-Gungu, daga bakin mijinki Nyandu, wanda kika raɗa wa Kan-Dutse, ya kuma amsa saboda ke kika raɗa.

Kin san ban san baƙi ko ɗaya ba, na allo ko na boko. Ni jasare ne ɗan jasare, maroƙin Zabarmawa, molo na sani, abin da na mallaka kuwa a kaina yake: asalin kowane gida na wannan tsibiri, wa ya haifi wa, wa ya fara saran wace gona, wa ya nutse a wace shekara. Saboda haka Hima ne ke rubuta wannan, tsohon malamin makarantar nan mai tabarau ɗaure da zare. Na ce masa duk abin da ya fito daga bakina ya sa shi yadda ya fito, kada ya yi masa kwalliya. Ya ce tsoho mai furfura har a gira ba ya kiran matarsa bado a takarda. Na ce: "Kai dai rubuta, matarka ce?" Yana dariya yana rubutawa.

Ke kuma Bibata, 'yata, da za ki karanta: kada ki karanta a ɗakin majinyata, kunnuwa sun yi yawa. Tura uwarki a keken asibitin nan zuwa gindin dogonyaron da ke bayan ɗakin, ki karanta mata a hankali, kada ki tsallake kalma ko ɗaya. Inda kunya ta kama ki, haɗiye ta ki ci gaba.

Mintu, tun da kika kore ni daga asibitin nan na Yamai, gidanmu bai karɓe ni ba. Turminki na kife inda kika bar shi. Kabar da kika fara tabarma da ita ta bushe a rataye, ban bari kowa ya taɓa ba. Matar ƙanena na aiko mini da dambu da zogale, Allah ya saka mata, amma nata ana ci ne a ƙoshi, naki ana ci a manta da fushi. Ruwa ya kawo, jan ruwan nan ya haye har gindin tsamiyar mashaya, shinkafa ta ɗaga kai tana rangaji, kirinjijiya na wucewa garke-garke suna kuka, ni kuwa in zauna a bakin gaɓa kamar tsohon jirgin da aka jawo tudu aka manta da shi. Wa zan ce wa dubi? Wa zai ce mini: "Na gani, Kan-Dutse, ina da ido, tashi ka ɗaure akuya"? Wayyo ni Nyandu! Ni da na ɗauki sunayen matattu cike da kai ban taɓa jin nauyinsu ba, yau sunan mace ɗaya mai rai ya danne mini ƙirji har numfashi na neman izini!

Bari in jera maganar tun daga tushe, yadda nake jera asali, don in na tsallake wani wuri ke ma can za ki bi ki tsere mini.

Ranar kasuwa ce. Kin sauko daga jirgi da ɗaurin tabarmi a ka, igiyar ruwa ta turo jirgin, ƙafarki ta hagu ta shiga tsakaninsa da dutse. Ƙarar da ƙwaurinki ya yi har yau tana kunnena. Ƙashi ya huda fata ya leƙo, laka ta shiga. Ba ki yi kuka ba, cewa kika yi a tsamo tabarmin kada su jiƙe. Maɗori ya yi iyakar abin da ya gada: ya ja, ya jera kara, ya ɗaure, ya tofa. Ƙashi ya yi kamar ya kama, har kika fara takawa da sanda. Amma ɗan bakin nan da ya rage a ƙwauri, wanda bai fi ƙwayar wake ba, bai taɓa rufewa da gaske ba. Ya rufe yau, jibi ya buɗe yana tsiyayar mugunya. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa kamar baƙon da ya san hanyar gida. Kika sha ƙwayoyi, kika sha sassaƙe, kika sha rubutu. Kina wanke tsumman ɗaurin da kanki a ɓoye, kina turara ɗaki don kada in ji wari. Na ji, Mintu. Ban faɗa ba ne kawai. Kuma wallahi ko a lokacin, kusa da ke ya fi mini ko'ina a duniya ƙamshi.

Sai Bibata ta ɗauke ki zuwa Yamai, na biyo ku. Likitan nan mutumin Damagaram, wanda Zabarmancinsa ya fi ki ɗingishi, ya ɗaga hoton ƙashin a hasken taga. Ke kin kau da kai, ni na duba, na kuma sa shi ya maimaita har na haddace kamar yadda nake haddace kakannin mutane. Ga abin da ya ce, ki ji shi daga bakina tunda kin ƙi ji daga nasa. A tsakiyar ƙashinki akwai guntun da ya mutu tun ranar karayar, don hanyoyin da ke kai masa jini sun tsinke. Rayayyen ƙashi ya yi masa ɗaki ya kewaye shi, cuta ta tare a ciki ta yi gida. Magani kuwa jini yake bi. Inda jini ba ya zuwa, magani ba ya zuwa, ko da buhu za ki sha. Na ce masa: "Likita, ruɓaɓɓen katako ke nan a cikin jirgi, ko ka shafe shi da kwalta sai ya yi yoyo." Ya ce: "Baba, ni ban taɓa shiga jirgi ba, tsoron ruwa nake, amma haka ne."

Ya ce za su sa ki barci, su buɗe, su cire mataccen, su kankare gefe da gefe har ƙashi ya fara tsattsafo da jini, don jinin nan shi ne shaidar sun iso mai rai. Su wanke, su sake wankewa, su zuba wasu 'yan ƙwallayen magani kamar 'ya'yan carbi a cikin ramin. Daga baya, in wurin ya tsarkaka, su ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunki su cike gurbin. To amma ƙashin da aka rarake ba ya iya tsayuwa shi kaɗai, kuma ba a binne ƙarfe a inda mugunya take. Sai dai a riƙe shi daga waje: su soke siraran sanduna ta cikin ƙashin, sama da ƙasa, su haɗa su da zobban ƙarfe a kewayen ƙafa, su riƙe ta wata da watanni har ta haɗe. Na ce: "In ba a yi ba fa?" Bai ɓoye mini ba. Ya ce ko dai nan gaba a yanke ƙafar daga gwiwa, ko dafin ya shiga jini ya ɗauke ki gaba ɗaya.

Wuƙa ba ta ba ki tsoro ba, na sani. Ke da kika haifi Bibata a cikin jirgi a tsakiyar kogin Isa, kika ce wa mai tuƙi ya daina ihu ya riƙe filafilinsa! Sai da likita ya nuna miki wani direba daga ɗakin maza yana tafe da sanda, zobban ƙarfe kewaye da ƙwaurinsa, sannan na ga fuskarki ta mutu. Kika ce: "Mari ne, irin na bayi." Likita ya ce: "Inna, ba mari ba ne, magani ne." Kika ce: "Ɗana, kai ka san magani, ni na san mari. Ku yanke ta ku binne, in tafi kabari da ƙafa ɗaya, amma ƙarfe ba ya zagaya ƙafar jikar Bonkano." Da na buɗe baki, kika ja zane kika rufe kai, kika ce daga ciki: "Kai kuma Kan-Dutse, koma tsibiri. Ɗan jasare me ya sani game da ƙarfe a ƙafa?"

Na fito abina, don maganar da ke bakina ba ta gaban baƙi ba ce. A bakin ƙofa Bibata ta biyo ni tana kuka. Karanta, Bibata, ba tona miki asiri nake ba, tausayi ne ya sa ki. Ta ce: "Baba, kai ne miji, ka roƙi likita ka dangwala yatsanka a takardar. In ta farka ta ga an gama, za ta yi fushi, ta huce." Na ce: "A'a. Likita ma ba zai karɓi nawa ba, nata yake jira. Ko da zai karɓa, ranar da aka sa mata shi tana barci ba da yardarta ba, ranar ya zama mari na gaske, kuma ni na buga mata."

Yanzu saurara, hasken idona, zumar da ke cikin kogon tsamiya, in mayar da ke baya.

Kin tuna shekarar da kogi ya cinye tsohon masallaci? Ƙafarki na fara gani kafin fuskarki. 'Yan mata na wanki a mashaya, kowace da mundayenta na azurfa a idon sawu suna ƙara, ke kaɗai taki ba komai, baƙa siɗik, siririya kamar ta barewa, ruwa na gangarowa a kanta yana ƙyalli. Ya Rabbi, wace irin ƙafa ce wannan da ta taka yashi ta bar sawu a zuciyar mutum? Na ce a raina rashi ne ya hana ki. Na bi bukukuwa da molo daga tsibiri zuwa tsibiri har muryata ta dushe, na sa aka zuba mini munduwar ƙafa wadda babu irinta a garin nan. Na kawo miki a gaban ƙawayenki ina hura hanci. Kika karɓa, kika juya ta, kika dube ni, kika wurga ta tsakiyar kogi. Tsulum! Kika ce: "Je ka sa wa dorina, ita ce sa'arka." 'Yan mata suka kwashe da dariya har wata ta saki zanen da take wankewa ruwa ya tafi da shi. Har yau in masunta suka kama giwan ruwa sai su ce a duba cikinsa ko munduwar Nyandu na nan.

Da wani ne da ya yi zuciya. Ni kuwa sana'ata tambaya. Na tafi wurin kakarki.

Na same ta a inuwar rumbu tana saƙa. Gari na kiranta Bonkano, sunan da waɗanda suka mallake ta suka sa mata. Jasare ba ya taka irin gidan, wai don babu asalin da za a jera. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce: "Kai ne sakaran da ya ciyar da kogi azurfa?" Na ce ni ne, Kaka. Ta yi dariya har da tari, sannan ta janye zane ta nuna mini idon sawunta na hagu. Tabo ya zagaye shi, fari, kamar an ɗaura zare.

Rabin labarin kin san shi, shi kuka sha a nono. Mahaya suka ɗauke ta tana yarinya daga ƙasar Gurma, tana tsintar kaɗe. Ta yi ta gudu ana kamo ta, har aka danne ta aka buga mata mari. Ta rantse 'ya'yanta mata da jikokinta ba mai zagaya ƙafarta da ƙarfe, ko na ado ne. Wannan uwarki ta ba ki, kika ba Bibata. Amma akwai sauran rabin, kuma ba ɓoye shi ta yi ba. Ku kun ji abin da ya ishe ku kuka, kuka tsaya nan. Ni ma na sha ƙoƙarin ba ki shi a cikin shekarun nan, da na ce "marin kakarki" sai ki tashi ki ce tuwo zai kama. To yau ba tuwo a wuta, kuma keken a hannun Bibata yake. Ranar nan na ce wa kakarki: "Kaka, daga nan fa?"

Ta ce: "Daga nan zamani ya juya, maƙeri ya sare marin. Amma ƙarƙashinsa ya riga ya ruɓe. Gyambo, ɗan nan, har ƙashi, ƙuda na bina kamar ina tallan nama. Matar maƙerin ta ce: ko ki bari a gasa ƙarfe ya yi jawur a ƙone ruɓar, ko ƙafar nan ta kai ki kabari. Na ce ƙarfe ba ya sake taɓa ni. Ta ce: to, ƙafarki ce. Ta ci gaba da dakanta. Maganar nan ita ta kwance ni. Ƙafarki ce! Tun da aka ɗauko ni ba wanda ya taɓa ce mini wani abu nawa ne. Na zauna ina dubanta ina cewa, ashe tawa ce. To in tawa ce, me zai sa in bar wa waɗancan mutane su ƙarasa cinye ta bayan sun sake ni? Na koma na ce a hura wuta. Maza suka taso za su riƙe ni, na ce duk wanda ya taɓa ni na fasa. Na ɗauki ƙafar da hannuwana biyu na ɗora a kan turmi, na ce wa maƙeri: yanzu."

Ta ja kaba ta ci gaba da saƙarta. Can ta ce: "Sau biyu ƙarfe ya taɓa ni. Na farko danne ni aka yi. Na biyu ni na miƙa. Wanda ya ce maka iri ɗaya ne, bai ɗanɗana ko ɗaya ba." Sannan ta faɗa mini sunanta na gaskiya, wanda uwarta ta raɗa mata a can Gurma: Lamudi. Na sa shi a kaina tare da na sarakuna, kuma ba a ƙasa da su ba.

Sauran kin sani. Baffana ya ce in na aure ki, molon gidanmu ba zai zo hannuna ba. Na sassaƙa nawa. Ranar bikinmu rabin dangina suna gona, wai shuka ba ta jira. Wa ya cika filin? Wace tsohuwa ce ta ajiye sanda ta shiga tsakiyar mata ta yi rawa har aka yi ta guɗa? Da wace ƙafa ta yi rawar, Mintu? Da wace ƙafa?

Haba tauraruwata ta asuba, haba ruwan farkon damina, haba giginyar da nake hangowa in san na kusa gida! Rantsuwar Lamudi ta hana ƙarfen da ke hana mutum tafiya ne, ba wanda ke maido masa da ita ba. Wancan an buga shi don kada ta je ko'ina, wannan za a sa shi don ki je duk inda kike so: mashaya, kasuwa, gidan suna, gonar shinkafa, har ki biyo ni dandali ki ja kunnena in na daɗe. Wancan ba wanda ya tambaye ta. Wannan ga likita da iliminsa ya tsaya da takarda a hannu yana jiran ɗan yatsanki, ba ya iya ɗaga ko allura sai kin ce to. A ina kika taɓa jin ana neman izinin bawa? Ta yaya za ki bar laka da dutse su ci ƙafar da mahaya suka kasa ci? In kin tafi, wa zan kaɗa wa molo? In an binne ƙafar nan, ina zan sa idona in kin shigo ɗaki, ni da tun farko ta nan na fara ganinki?

Amma kin faɗi gaskiya guda, kuma ta biyo ni cikin mota, ta shiga jirgi da ni: ɗan jasare bai san ƙarfe a ƙafa ba. Don haka da na sauka a mashaya, kafin in ga ƙofar gida, sai maƙerar Sumana.

Na ce: "Sumana, ƙera mini zobe na baƙin ƙarfe, daidai idon sawu." Ya ce: "Na jaki ko na raƙumi?" Na ce: "Na jasare." Ya ajiye guduma ya dube ni. Ya ce: "Nyandu, rana ce ta buge ka a Yamai? Kakana shi ne na ƙarshe da ya ƙera irin wannan a garin nan, shi ne kuma ya sare na ƙarshe. Ba ni zan maido da shi ba." Na ce: "Kakanka danne masa mutane aka yi. Ni ga ƙafata, da hannuna na ɗora ta a kan uwar maƙera." Ya zagi kakannina, na jera masa nasa ɗaya bayan ɗaya da abin da kowane ya yi, har ya ce in yi shiru don Allah, ya ja zugazugi.

Yana ƙafata ta hagu yanzu haka. An daddale shi da ƙusa, ba ya fita sai an sare. Hima, ɗaga kai ka duba, ka rubuta cewa ka gani. Ya ce ya gani, kuma wai ni mahaukaci ne. Na ce ya sa har wannan.

Ranar kasuwa na naɗe wandona sama, na ratsa tun daga 'yan kifi har 'yan gishiri. Kasuwa ta yi tsit, sannan ta fashe. Bagobirin nan mai taba, taubashinmu, ya ɗaga murya: "Jama'a, ga bawana da ya ɓata tun bara! Ku riƙe mini shi!" Na ce: "Kai Bagobiri, jakinka ma haƙarƙarinsa ake ƙirgawa, za ka iya da cikina? Ina da mai ni, tana Yamai." 'Ya'yan ƙanena suka biyo ni har gida wai na zubar da mutuncin gidan jasare. Na ce su ɗebo mini shi in ga yawansa, tunda zobe ɗaya ya zubar da shi.

Tsofaffin matan unguwarku ne ba su yi dariya ba. Ɗaya ta tsare ni a lungu, ta ce: "Abin da ya ci iyayenmu ka mayar wasa?" Na ce: "Ba wasa ba ne, Yaya. Ƙafar Mintu nake roƙo." Ta daɗe tana dubana. Can ta ce: "Sa tsumma a ƙarƙashinsa, yana cin fata." Ta wuce. Na tsaya a wurin, ƙafata ta kasa ɗagawa, ba kuma nauyin ƙarfen ba ne.

Ba na ce na san abin da Lamudi ta sani ba. Ina! Nawa ni na zaɓa, kuma da safe ba wanda ke kora ni gonar wani. Abin da na koya kaɗan ne: sanyinsa in na zo alwala, da yadda idon mutum ke sauka ƙasa kafin ya hau fuskarka. Amma na san abin da kike tsoro wanda ba ki faɗa wa likita ba. Kina tsoron ranar da za a sauko da ke daga jirgi da zobba a ƙafa, masu wanki su taɓa juna da gwiwar hannu su ce jini ya koma asalinsa. To gari ya riga ya ƙarar da dariyarsa a kaina. Ya ga ƙarfe a ƙafar mai jera asalin sarakuna, ya yi magana har bakinsa ya gaji. Ranar da kika sauko mu biyu ne, kina cas ina cas, duk mai son ƙirga bayi ya fara da ni.

Ban yi wannan don in ɗaure ki ba, sanyin idona. Ƙafarki ce. Na faɗa da bakin matar maƙeri, na kuma faɗa da nawa. In kin ce a'a, ba zan bari kowa ya taɓa ki ba, zan zama ƙafarki ta hagu, in goya ki zuwa mashaya a bayan nan nawa da ya ranƙwafe, in yi ta goyonki har inda Allah ya tsayar da mu. Amma roƙo nake, roƙon da ban taɓa yi wa mai sarauta ba: miƙa ta da hannunki, jikar Lamudi. Ki bar su su cire abin da ya mutu, mai rai ya samu wurin tsiro.

Tare da takardar nan akwai abu a naɗe cikin tsumma. Kurfin Sumana ne, ɗan ƙarfen da ake sare ƙusa da shi. Na rantse ba wanda zai sare nawa sai da shi. Ranar da likita ya kwance naki, ke za ki ɗora shi a kan nawa, Sumana ya buga. Ranar kuwa zan ɗauki molo a tsakiyar dandali, in fara jera asali daga inda ba jasaren da ya taɓa farawa: Lamudi ta Gurma, wadda ta ɗora ƙafarta a kan turmi, ta haifi uwar Mintu, ta haifi Mintu, ta haifi Bibata. In kuwa kin ƙi, ajiye shi a ƙarƙashin matashi. Ba zan tambaye ki ba. Masu yi mini wanka su san yadda za su yi da ni.

Ina nan tafe kasuwa mai zuwa, ko kin kira ko ba ki kira ba. Na sa Sumana ya rataya ɗan ƙaramin zobe a jikin babban don ya riƙa ƙara. Za ki ji ni tun daga ƙofar asibiti, ina tafe kamar amarya, tunda ke kin ƙi munduwa dole ɗayanmu ya sa. In kin ja zane kin rufe kai, zan zauna a bakin gado in yi ta kaɗa ƙafa har ki buɗe ki zage ni. Zagin nan nake nema, ƙishirwarsa nake ji.

Naki ne ni tun ranar da azurfata ta nutse, naki ne ni in Isa ya cika, naki in ya janye ya bar yashi, naki har ranar da za a kwantar da ni a juya fuskata gabas, kuma can ma in an tambaye ni asalina, da ke zan fara.

Ga yatsana na dangwala a ƙasa da tawadar Hima. Wannan ce kaɗai takardar da zan dangwala a kanki. Ɗayar tana hannun likita, tana jiran naki.

Mijinki,
Nyandu Kan-Dutse